Kafin Rana Ta Faɗi

Mahaifina ba shi da yatsu. Duk inda aka ba ni dama in ba da shaida, daga nan nake farawa, domin wanda bai san wannan ba, ba zai gane irin yunwar da ta kai ni ga abin da na aikata ba.

Kuturta ce ta kama shi yana saurayi. Dangi suka ware masa ƙwarya da tabarma, har wani ya nuna masa hanyar Amanawa, nan kusa da Sakkwato ta wajen Dange Shuni, inda a wancan lokacin turawan mishan na SIM ke jinyar masu wannan ciwo. Magani ya kashe cutar, amma abin da ta riga ta ci ba ya dawowa. Yau kam maganin kyauta ne, kuma wanda ya je da wuri, wata 6 zuwa 12 ya warke da yatsunsa cif, don haka kada kowa ya ɓoye nasa a ɗaki. A Amanawa Baba ya ji bishara, a can aka yi masa baftisma, a can ya haɗu da mahaifiyata. Yana da tsohon Littafi Mai Tsarki, fassarar nan ta 1932, bangonsa ya sha faci. In zai juya shafi sai ya lasa dungun hannunsa, ya ɗora a gefen takardar, ya ja a hankali. Da wannan na buɗe ido kowace asuba.

Akwai labarin da ba ya gajiya da ba mu. Ranar da ya isa Amanawa, ƙafarsa na wari, ƙudaje na binsa, shi kansa yana ƙyamar kansa. Babban ma'aikacin ɗakin wankin miki, ɗan ƙasa kamarmu, wanda ke da yara a ƙarƙashinsa da zai iya turawa, shi ya durƙusa, ya ɗora ƙafar a kan cinyarsa ya wanke ta. Baba yakan ce, "Ni wa'azi daga baya na ji shi. Hannun mutumin nan na fara ji."

Ni kuwa abin da ya zauna mini a rai daban ne: "ɗan kuturu." A makaranta, a bakin rijiya, a filin ƙwallo. In na sha ruwa a moɗa, wani yaro sai ya ɗauraye ta sau uku a gabana. Tun ina ƙarami na ji ana cewa kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano, na riƙe wannan magana fiye da duk wata aya da aka koya mini a makarantar Lahadi. Na ƙudura a raina cewa sai na yi kuɗi, sai an miƙe tsaye in na shigo wuri.

Ina da kamar shekara 15 aka kawo ni cikin gari koyon kafinta. Maigidana ya iya aiki, ba na cin amanarsa a nan, amma da guntun katako yake koyarwa. Ka yi kuskuren awo, ka ji shi a gadon baya. Na koyi sana'a a hannunsa, na kuma koyi cewa maigida shi ne wanda ake jin tsoro. Da Allah ya buɗa mini na kafa shagona kusa da 'yan katako, abin da aka yi mini shi na shiga yi. Yarana sun kai tara, yawancinsu Musulmi 'yan gari da na ƙauyukan kewaye, biyu kuma daga ƙasar Zuru. Muna yin ƙofofi, rufin gida, da kayan ɗakin amare. Gab da azumi da bayan Salla, lokacin da bukukuwa ke yawa, har dare muke kai wa. In suka ji ƙarar mashin ɗina daga kwana, hira ta mutu ke nan, sai ƙarar zarto da guduma. Ina jin daɗin wannan shirun. Na ɗauka girmamawa ce.

A majami'a kuwa wani mutum ne ni dabam. Fara'a, gaisuwa hannu biyu, addu'a mai tsawo. Aka zaɓe ni dattijo, daga baya aka ɗora mini shugabancin kwamitin gini, saboda na san farashin kwano da katako. Ranar da aka ƙaddamar da asusun sabon gini, majami'a ta cika har waje, Zumuntar Mata na kaɗa tulu da caki. Wani ɗan kasuwa ya tashi ya yi alkawarin buhun siminti 50. Aka tafa. Sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Ban yi shawara da matata ba, ban duba littafin shago ba, balle in tambayi Ubangiji. Na miƙe na ce buhu 100, kuma bencinan majami'a duka a wuyana. Mata suka rangaɗa guɗa. Mai gabatarwa ya maimaita sunana a lasifika sau uku. Ina tsaye ina cewa "ɗaukaka ga Allah," amma a cikina yaran nan na bakin rijiya nake yi wa magana.

Ba ni da kuɗin. Abin da ke hannuna shi ne kafin alƙalami da wani bawan Allah ya ba ni na kayan ɗakin 'yarsa, sai kuma kuɗin sallamar yara. A shagona kowace Asabar da yamma ake sallamar kowa gwargwadon aikinsa. Na fara da Asabar ɗaya: "Ku yi haƙuri, mai aiki bai biya ba." Ƙarya ce, ya biya. Simintin Kalambaina ya fara sauka a harabar majami'a, ana ɗaukar hoto da ni a gefensa. Asabar ta biyu, ta uku, har ta bakwai, kuɗin abinci kawai nake miƙa musu. Na gaya wa kaina cewa ai aikin Allah ne.

Babban yarona, wanda ba zan faɗi sunansa ba, ya shekara takwas tare da ni. Magidanci ne, da mata da 'yarsa ƙarama. Shi ke buɗe shago, shi ke rufewa, ko ƙusa ɗaya ban taɓa nema na rasa ba. Wata Laraba cikin Agusta, damina ta kankama, sauro ya yi yawa, ya same ni a bayan shago ya rusuna. Ya ce, "Maigida, yarinya ba lafiya, zazzaɓi ya ƙi sauka. Ko rabin abin da ya taru ne a taimaka mini." Ban ko ɗago kai daga awon da nake yi ba. Na ce masa kowa ma yana da matsala, in ya gaji da aikin ƙofa a buɗe take. Na faɗa da ƙarfi, don ƙananan su ji. Ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, Maigida," ya koma kan aikinsa. Washegari bai zo ba, haka ma ranar Juma'a. Na ce girman kai ne ya kama shi.

Ranar Asabar Alhajin da nake sarin katako a wurinsa ya aiko a kira ni. Dattijo ne Basakkwace, mun fi shekara goma muna ciniki, yana ba ni kaya bashi ba tare da rubutu ba. Na same shi a kan buzunsa a cikin rumfa. Bayan gaisuwa ya jawo wani buhu ya zazzage a gabana. Zarto, guduma, kurfi biyu, tef ɗin awo. Na gane su nan take, domin a ƙotar gudumar akwai alamar da na ƙona da ƙarfe da hannuna, ranar da na ba yaron kyautarta. Kayan da yake tarawa ɗaya bayan ɗaya ke nan, don ranar da zai buɗe nasa wurin.

Alhaji ya ce, "Malam, ka san wanga kaya? Na yaronka na. Ɗiyatai ta kwanta asibiti, sai da anka ƙara mata jini. Ya kawo su zai saida, ni ko na ba shi kuɗi, na aje mai kayanai." Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya dube ni. "Mu an hore mu a biya ma'aikaci tun guminai bai bushe ba. Ku cikin littafinku babu wagga magana?"

Akwai. Na san akwai, na ma taɓa koyar da ita. Littafin Firistoci 19:13 ya hana ladan ma'aikaci ya kwana a hannunka. Maimaitawar Shari'a 24:15 ta ce a biya shi a ranar, kafin rana ta faɗi, domin matalauci ne, a kan ladan ya sa ransa. Na buɗe baki, ban sami abin faɗi ba. Alhaji bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce kawai, "Tahi ka gyara. Ni dai na san ka da amana."

Da dare na kasa cin tuwo. Matata ta lura. Da na gaya mata, na zaci za ta lallashe ni. Ta kori yara ɗaki, ta zauna a bakin tabarma ta ce, "Baban yara, tunda yau ka tambaya zan faɗa. Ba yaran shago kaɗai ba ne. 'Ya'yanka in suka ji mashin ɗinka, kowa neman lungu yake. Ranar Lahadi ina zaune ina kallonka a gaba kana addu'a, sai in ce ina ma a ba ni aron wannan mutumin ya kwana ɗaya a gidana." Ba ta yi kuka ba. Da ta yi kuka da ya fi mini sauƙi. Ta ɗauko Littafi ta buɗe wasiƙar Yakubu sura 5, ta sa yatsa a aya ta 4, ta miƙo mini, ta tashi. Wurin da aka ce ladan ma'aikatan da aka danne yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. Na karanta na sake karantawa. A daren nan na gane cewa simintin da ke jibge a harabar majami'a yana da murya, kuma ba waƙar yabo yake yi ba.

Da sassafe, kafin sujada, na je gidan Baba Fasto. Tsoho ne mai magana a hankali. Na zayyana masa komai, ina sa ran zai ce a rufa asiri, a biya a hankali. Ya ce, "Dattijo, ka tuna abin da Ubangiji ya ce a Matiyu sura 5? In ka kawo baiko gaban bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da magana a kanka, ka bar baikon a nan, ka je ku shirya tukuna." Na ce, "Baba, ai yaron ba mai bi ba ne." Har yau ina jin nauyin wannan magana da ta fito daga bakina. Ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Wa ya halicce shi?" Sannan ya ƙara da cewa Allah ba ya bukatar ginin da aka yi da jinin yarinya, kuma tunda a gaban jama'a na ɗauki girman, a gaban jama'a zan sauke shi.

Na sayar da mashin ɗina da wani ɗan fili da nake da shi a bayan gari. Na fara da mai kayan ɗakin amarya, na gaya masa gaskiyar abin da ya jawo jinkiri. Ya yi faɗa, yana da gaskiya. Na biya Alhaji, na karɓi buhun. Daga nan na nufi asibiti. Na sami yarinyar a kwance, tafin hannunta fari fat, an ɗaure mata allura a bayan hannu da filasta, uwarta na yi mata fifita da kwali. Uban yana zaune a ƙasa. Da ya gan ni ya zabura zai miƙe, kamar yadda ya saba. Na riga shi, na durƙusa. Ban taɓa durƙusa wa na ƙasa da ni ba sai ranar. Na ajiye buhun da kuɗinsa, na ce, "Na ci haƙƙinka, na yi maka ƙarya, na kuma wulaƙanta ka a gaban ƙannenka. Ka yafe mini." Ya rasa inda zai sa kansa, yana ta cewa, "Haba Maigida, tashi, mutane na kallo." Sai da aka jima ya ce ya yafe. Ina durƙushe a kan simintin nan mai warin magani na tuna da mutumin Amanawa da ƙafar Baba a cinyarsa. Shekara nawa ina jin labarin, ban taɓa tunanin da ni ake ba.

Ranar Litinin na tara sauran yaran na faɗi abu ɗaya, na biya kowa. Lahadin da ta biyo na tsaya a gaban ikkilisiya na ce alkawarin da na yi na fahariya ne, buhu 100 ya fi ƙarfina, kuma wanda na riga na kawo da haƙƙin ma'aikatana na saya. Ba guɗa a ranar. Wasu sun sunkuyar da kai, wasu sun daina gaishe ni da "Dattijo" na wani lokaci. Na ajiye shugabancin kwamitin. Bencinan dai na yi su, amma da hannuna, da yamma bayan an tashi, ɗaya-ɗaya har fiye da shekara.

Ba zan ce daga ranar na zama sabon mutum ba. Halin da aka shekara ashirin ana ginawa ba ya rushewa da hawayen dare ɗaya. Bakina ya daɗe yana riga hankalina. Abin da ya taimake ni shi ne na ɗaure kaina da ƙa'idodin da ba sai na ji daɗi zan bi su ba. Duk kuɗin da ya shigo, kason yara ake fara cirewa a sa a wani akwati dabam, mabuɗin kuma ba a hannuna yake ba, yana hannun babban yarona. Kafin alƙalami na mai aiki ne har sai an kai masa kayansa. Ranar Asabar daga ƙarami ake fara sallama, ni ne na ƙarshe, in ya rage. Na sami wannan ne a Nehemiya sura 5: shekara 12 yana gwamnan Yahuza bai karɓi abincin da doka ta ba gwamna ba, saboda nauyin da ke kan jama'a ya riga ya yi yawa. Mutane sun fi tunawa da garun da ya gina cikin kwana 52. Ni wannan shekara 12 ɗin ta fi ba ni mamaki.

Sakin aiki ya fi mini wuya fiye da sakin kuɗi. Da, ko ƙofar banɗaki ce sai na auna da kaina, domin ina so a ce ba ni ba shago. Baba Fasto ne ya tuna mini da Yetro, surukin Musa, a Fitowa 18, wanda ya ga Musa zaune yana shari'a daga safe har yamma ya ce masa zai gajiyar da kansa ya gajiyar da jama'a. Abin lura, Yetro ba Ba'isra'ile ba ne, firist ne na Madayana, amma Musa ya ji maganarsa. Ni ma ta bakin Alhaji mai katako Allah ya fara tsawata mini, don haka ba na raina gyara ko daga ina ya fito. Na fara barin yara su je awon rufi su kaɗai. Sun lalata katako, ba sau ɗaya ba. Na koyi in ja yaro gefe in nuna masa, maimakon in tara masa jama'a. Ranar Juma'a da azahar muna rufe shago su tafi masallaci ba tare da wani ya roƙe ni ba. Bayan shekara biyu na yaye babban yarona, da kayan aikinsa da ɗan jari. Yanzu yana da nasa shagon a Mabera, yaransa sun fi nawa yawa. In aiki ya yi masa yawa yana turo mini.

Gida ne inda na fi makara. Bulus ya tambayi Timoti, wanda bai iya tafiyar da gidansa ba, ta yaya zai kula da ikkilisiyar Allah? An karanta wannan aya ranar da aka naɗa ni dattijo, na ce amin. Ƙananan 'ya'yana sun saki jiki da ni da wuri, yaro ba ya riƙo. Babban ɗana kuwa ya riga ya yi wayo a zamanin tsawa. Na nemi gafararsa, ya ce ba komai, irin "ba komai" ɗin da ke rufe ƙofa. Yau yana aiki a wani gari. Ina kiransa kowace Lahadi da yamma. Wani lokaci minti biyu ne, gaisuwa da "sai an jima, Baba." Wani lokaci ya ɗan ja hira. Ba na matsa masa. Ni na shuka, kuma ban isa in sa wa girbin rana ba. Ina roƙon masu karanta wannan su sa mu a addu'a.

Gwaji ya sake zuwa a farkon 2023, bayan an sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace a gari. Masu aiki suna turo kuɗi ta waya, amma ƙananan yarana ba su da asusun banki, iyayensu a ƙauye kuma sai kuɗi a hannu. Wata Asabar cikin Fabrairu na fita tun bayan asuba, hazo ya rufe gari, ina bin masu POS daga wannan rumfa zuwa waccan, kowa da irin ladan da yake yanka. Sai wajen la'asar na haɗa abin da na haɗa, kuma bai kai ba. A hanya tsohuwar muryar nan ta dawo: ai kowa ya san halin da ake ciki, ba wanda zai ga laifinka, ka riƙe na cefanen gida, sati mai zuwa ka cika musu. Muryar ba ta tsufa ba ko kaɗan.

Na iso shago na zube kuɗin a kan teburin aiki, cikin garin katako. Na kira ƙaramin cikinsu, wani yaro da bai fi wata huɗu da zuwa ba, na ƙirga masa nasa cif. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan na biyun ƙarshe kuɗi suka ƙare, na juye aljihuna na cika masa da na cefane. Na ƙarshen yana da asusu, na tura masa ta waya a gabansa, muka tsaya har saƙo ya shigo. Rana tana kan dogon yaron da ke bakin titi lokacin da suka watse.

Na taka da ƙafa zuwa gida, ana kiran magariba. Matata na tsakar gida tana hura wuta. Ta dubi hannuna, babu leda. Ta ce, "Ka sallame su?"

Na ce, "Na sallame su."

Ta ce, "To, wanke hannu. Akwai sauran gero, kunu zan dama."